Agogon Da Ya Sha Ruwa: Aikin Ceto Shi Daga Tsatsa a Nasarawar Kaduna

Wanda ya taso daga Kabala ta Yamma ya bi babbar hanyar Nnamdi Azikiwe ya fuskanci kudu, in ya ƙetare gadar kogin Kaduna, sai ya tarar da Nasarawa shimfiɗe a gabansa, unguwa mai cunkoson gidaje a cikin ƙaramar hukumar Chikun, wadda ta yi maƙwabtaka da Kakuri da Tirkaniya da Kudandan, kogi kuma ya tokare ta. Kogin nan, wanda ya faro daga tsaunukan Jos ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya zuba a Kwara, da rani lafiya lau ake zaune da shi, har duwatsun cikinsa su fito fili masu wanki su yi shanya a kansu; amma idan Agusta ta raba, Satumba ta kama, ƙasa ta ƙoshi ta daina shan ruwa, to, mutanen gangare barcinsu rabi da rabi ne. Waɗanda suka ga ambaliyar 2003 ba su manta da ita ba, ta 2012 kuwa ta zo ta tuna wa wanda ya fara mantuwa, kuma tsakanin wannan da waccan, da bayansu ma, da wuya damina ta wuce ba a ji ruwa ya shiga gidaje a wani sashe na bakin kogin ba.

Abin da ruwa kan ci a irin wannan dare sananne ne: katanga, da katifa, da buhun masara, da takardun makarantar yara. Waɗannan su ake ƙirgawa in jami'an agaji sun zo da takarda da alƙalami. Akwai kuwa wani ɗan ƙaramin abu da ba ya shiga lissafin kowa, wanda galibi mai shi ma ba ya tuna shi sai an yi mako biyu ko uku, bayan an kwashe taɓo an shanya abin da ya shanyu, sa'an nan a buɗe tsohuwar adaka a tarar da shi a can ƙasa, naɗe cikin tsumma mai laima, gilashinsa ya yi hazo, fuskarsa ta yi dabbare-dabbare, hannuwansa sun tsaya cik. Tsohon agogon hannu ke nan na mahaifi ko na kaka, irin wanda ba ya aiki da batir. Shi ake ɗauka a kai wa dattijon da ke zaune a gefen kasuwa da ɗan akwatinsa na gilashi, a miƙa masa a ce, Baba, ya sha ruwa, ko zai tashi?

Kafin a shiga amsar wannan tambaya, ya kamata a san ko agogon wane ne, domin a Nasarawa agogo yana da tarihin da ya sha bamban da na sauran wurare. Unguwar ta cika ta batse ne saboda masaƙu. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. Cikin shekarun 1960 Nortex da United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo baya, a 1975 kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a nan Kakurin. Dubban mutane suka kwararo daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, Bahaushe da Bajju da Tibi da Idoma da Igala da Bayarabe da Ibo, suka kama ɗakunan haya a Nasarawa da Makera da Kakuri, har ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ta gina hedkwatarta a bakin titin Nasarawa. Adams Oshiomhole, wanda ya fara aiki a Arewa Textiles, a wannan ƙungiya ya yi babban sakatare kafin ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Masaƙa kuwa ba ta san hantsi ba, ba ta san walaha ba, minti ta sani. Injuna suna juyawa dare da rana, ma'aikata suna karɓar juna kashi-kashi, kuma wanda ya iso ƙofa bayan jiniya ta yi kuka ya san a albashinsa za a ji. Saboda haka manomin da jiya yake duban inuwa ya san lokaci, yau da ya zama ma'aikaci sai agogo ya zamar masa wajibi, tamkar fartanya a wancan zamani nasa na farko.

Sa'ad da aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin nan da ake kira kuɗin Udoji a farkon 1975, ma'aikatan kamfanoni su ma suka matsa aka yi musu ƙari, abubuwan da aka fi rububinsu su ne keke da babur da rediyo da agogo. Waɗansu agogunan a kantunan titin Ahmadu Bello aka saye su, waɗansu kuwa tsarabar alhazai ce daga Makka da Jidda, shi ya sa har yau in ka duba tagar ranaku a fuskar tsofaffin agogunan nan sai ka ga sunan ranar da Larabci. Akwai West End da Roamer da Oris na ƙasar Suwizalan, akwai Rado na masu hali, akwai Citizen da Orient. Amma sarkinsu a hannun talaka shi ne Seiko 5, wanda Japanawa suka fara fitarwa a 1963, mai yi wa kansa wani da motsin hannun mai shi, mai nuna rana da kwanan wata, mai jure wahala. Da yamma a daidaita shi da Rediyon Kaduna ko da sashen Hausa na BBC. Masaƙun nan yanzu galibinsu kufai ne. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakata a 2007, tsofaffin ma'aikata da yawa sun rasu suna jiran haƙƙoƙinsu na sallama. A gidaje da dama, abin da ya saura daga shekara ashirin ko talatin na aikin dare bai wuce katin shaidar aiki da agogon nan ba.

Kada mai karatu ya zaci kiyaye lokaci baƙon abu ne da Nasara ya kawo. Imamu Malik da babin lokutan salla ya buɗe Muwaɗɗa, kuma almajiran ƙasar nan sun daɗe suna auna inuwa da tafin ƙafa don su san zawali da shigar La'asar, suna lissafin manzilolin taurari ashirin da takwas don sanin shuka da girbi. A manyan masallatan Misira da Sham har muƙami aka keɓe wa mai wannan ilmi, ana ce masa muwaƙƙiti, mafi shahararsu Ibn Shaɗir na masallacin Banu Umayya a Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375. Kafinsa Aljazari ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, cike da siffofin agogunan ruwa. A 1824 ma, da Bature Kilafatan ya je Sakkwato ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kayan aunon taurarinsa, sai ya tarar Sarkin ya san buruji da sunayen taurari da Larabci. Abin da ya zo daga Turai shi ne dabarar tara ƙarfi a cikin sifirin na ƙarfe a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, kuma wannan ƙarfe shi ne inda ruwa ke samun agogo.

Kusan kowane mai tsohon agogo zai rantse maka cewa nasa ba ya shan ruwa, ga shi ma an rubuta a bayansa. Gaskiya ne tun 1926 kamfanin Rolex ya fitar da gidan agogo mai murfi da maɓallin wani da ake murɗawa su toshe, ya sa masa suna Oyster, sauran kamfanoni kuma suka bi sawu ta hanyoyi dabam-dabam. Sai dai abin da ke tsare ruwa a mafi yawan agogunan ma'aikata ba wani abu ba ne illa 'yan zobban roba, ɗaya a bakin murfin baya, ɗaya a wuyan maɓallin wani, wani lokaci ɗaya a gindin gilashi. Roba kuwa tana da ajali. Zafin bazara ya gasa ta, hunturu ya busar da ita, gumi da sabulu da turare su cinye ta, bayan 'yan shekaru ta ƙeƙashe ta tsattsage, ko ta narke ta koma baƙin danƙo. Alkawarin da aka rubuta a 1975 ba ya kan robar da ta kai shekara hamsin. Masu ƙera agogo da kansu sun janye da'awarsu wajen 1970, suka daina rubuta cewa ruwa ba ya shiga, suka koma cewa agogon yana jure ruwa gwargwado. Wanda aka rubuta wa mita 30 ma fantsali kawai yake iya ɗauka, ba nutso ba. Ga kuma wani sababi da ya keɓanci Musulmi, wanda mutanen Suwizalan ba su sa shi a lissafi ba: alwala sau biyar a yini, a wanke hannu zuwa gwiwa tare da cuɗawa. Ko a bar agogon a hannu ruwa ya bi ta kansa, ko a cire a ajiye a kan dakali mai laima. Da yawa daga agogunan da ake cewa ambaliya ce ta kashe su, in an buɗe sai a tarar da tsohuwar tsatsa a ƙarƙashin sabuwa.

Abin da ke faruwa a ciki kuwa shi ne wannan. Injin agogo ƙarfe biyu ne aka haɗa. Faranti da gadojin da ke riƙe da kaya, da ƙafafun giya masu haƙora, na tagulla ne da aka shafe da wani farin ƙarfe, su ruwa bai cika yi musu mugun ta'adi ba, iyaka su dushe ko su yi kore-kore. Amma sanduna da ƙananan haƙoran da ke kansu, da sukurori, da sandar wani, da 'yan sifirin-sifirin da ke danne da kayan saita lokaci, duk baƙin ƙarfe ne da aka ƙona ya yi tauri, shi kuwa da zarar ruwa da iska sun taru a kansa sai ya fara komawa jar ƙasa. Haɗuwar ƙarfen nan biyu cikin ruwa ɗaya tana ƙara wa baƙin ƙarfen saurin lalacewa, balle ruwan ambaliya wanda ba ruwa zalla ba ne, akwai laka da yashi da dattin kwata a cikinsa. Tsatsa kuma tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi ninki-ninki, don haka takan kumbura ta cushe ramuka, ta like sukuru da faranti, ta tura fentin fuska daga baya har ya ɓamɓare. Wani abin mamaki shi ne, agogon da yake nutse sarai a cikin ruwa ya fi wanda aka tsamo aka ajiye a rufe jinkirin tsatsa, domin na biyun ya sami iska, laima kuma ba ta da hanyar fita. Watau kwanakin nan da ake yi ana fama da taɓo, agogo yana kwance a adaka, su ne suka fi daren ambaliyar kansa ɓarna.

Daga nan sai taimakon jahilci ya biyo baya, wanda sau da yawa shi ke ƙarasa abin da ruwa ya fara. Wani ya binne agogon a cikin shinkafa, alhali shinkafa ba ta da ikon zuƙo ruwan da ke bayan murfi. Wani ya shanya shi a kan kwanon rufi da tsakar rana, ruwan ya zama tururi ya tashi ya kwanta a kan fuska, gilashin roba ya lanƙwashe, da yamma tururin ya sake komawa ruwa. Wani ya girgiza shi ko ya murɗa maɓalli da ƙarfi don ya ji ko zai motsa, yashi ya shiga tsakanin haƙora, sandar wani da ta riga ta ruɓe ta karye a ciki. Mafi muni shi ne mai ɗiga masa man keken ɗinki. Abin da ya dace ɗaya ne tak, a kai shi wurin mai gyara a ranar, ko washegari in ya yi nisa, a buɗe murfi, a fid da inji, a raba shi da fuska da hannuwa, a ɗauraye laka, a busar. Wanda aka yi wa haka galibi wanki da mai kawai yake bukata. Wanda ya yi wata guda kuwa, to, sai an yi zama.

A ɗauki misalin Seiko 5 mai inji lamba 6309, irin wanda ya cika hannuwan ma'aikata a ƙarshen shekarun 1970. Gwanin mai gyara, kafin ya taɓa komai, bayan agogon yake fara karantawa, domin a nan aka buga lambar inji da ta gida, da wata lamba mai tsawo wadda harafinta na farko ke nuna shekarar da aka ƙera shi, na biyu kuma watan. Da wannan zai san irin kayan da za su shiga. Sa'an nan ya kankare dattin da ya daskare a bakin murfi, don kada ya zuba ciki, ya murɗe. In ya ga jan ruwa ya kwanta a kan faifan nan mai lilo da ke yi wa agogo wani, ya ga kawunan sukurori sun yi ja, ya san aikin ba na yau ba ne, kuma a nan ne mai tsoron Allah yake ajiye madubin idonsa ya gaya wa mai kaya gaskiya tun kafin a yi ciniki. Abu na farko da zai yi shi ne ya sauke ƙarfin da ya saura a babban sifirin a hankali, domin agogon da tsatsa ta tsayar sau da yawa a ɗaure yake tam, in aka kwance gada ba a sauke ba sai ƙarfin ya kufce gaba ɗaya ya kakkarya haƙora.

Sukurori su ne jarrabawar haƙuri. Kowane ɗaya sai an ɗiga masa man da ke ratsa tsatsa an bar shi ya kwana, an wasa bakin sukuddireba ya yi daidai da tsagarsa, an murɗa kaɗan a koma, a murɗa kaɗan a koma. Duk da haka wani sai kansa ya guntule ya bar gindinsa a cikin faranti. A nan akwai wata tsohuwar hikima ta masu wannan sana'a wadda ta cancanci a faɗe ta: sai a tsiraita farantin, a cire duk wani baƙin ƙarfe da ke jikinsa, a jiƙa shi cikin ruwan ɗumi da aka narkar da alif a ciki, alif ɗin nan dai da mata ke jefawa a randa don ruwa ya kwanta. Alif yana cin baƙin ƙarfe, ba ya taɓa tagulla. Bayan kwana ɗaya ko 'yan kwanaki sai guntun sukurun ya narke ya zama baƙin gari, ramin ya fito da zarensa lafiya. Mai gaggawa da ya sa abin huji ya fasa ramin, ya ɓata farantin ke nan har abada.

Idan an wargaza injin duka, an baje kayansa a kan farar takarda, sai a shiga tantancewa, kuma a ganina nan ne ilmin sana'ar yake, ba a wurin haɗawa ba. Kayan kashi uku suke rabuwa. Akwai waɗanda tsatsa ta hau bayansu kawai, kamar gadoji da manyan sukurori da faifan lilo, su a goge su da ɗan burushi da tsinken itace su koma aiki, ko da tabo ya saura. Akwai waɗanda ta ci amma wurin da ta ci ba ya gogayya da komai, su ma a yi musu afuwa. Akwai kuma waɗanda aikinsu duka a kan santsinsu yake, su ba su da ceto. Ƙafar sandar da ke ɗauke da balas, wato ƙafar nan mai kai da komowa wadda ita ce zuciyar agogo, kaurinta bai wuce na silin gashin kai ba, kuma tana juyawa ne a cikin ramin jan yaƙutu na haɗi, irin wanda Bafaranshe Verneuil ya bayyana hanyar yinsa a 1902. Duwatsun nan su ake nufi in an rubuta 17 a fuskar agogo. Yaƙutu ba ya tsatsa, amma in ƙafar ta yi ƙurji ɗaya, to, kullum tana cikin karce. Haka kuma siririn sifirin da ke naɗe a kan balas, wanda asalin dabararsa ta Huygens ce tun 1675: na zamani an haɗa shi da ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, amma na tsofaffin agoguna in ɗigo ɗaya ya kama shi, sai ya zama kamar azarar da gara ta shiga, a ido tana nan daram, ƙarfinta kuwa ya tafi. Injin 6309 yana bugawa sau 21,600 a awa, watau sau shida a daƙiƙa, sau 518,400 a yini da dare. Aibin da ido ba ya gani, in aka maimaita shi sau rabin miliyan kullum, sai ya zama minti goma.

Kayan da suka mutu ba a sayensu sababbi a kanti. Daga jikin wani mataccen agogo irinsa ake ciro su, shi ya sa za ka ga kowane tsohon mai gyara yana da gwangwanaye cike da injunan da ya tara shekara da shekaru, waɗanda jahili zai ɗauka tarkace ne. Bayan an haɗa kayan da za su yi, sai wanki. A nan ma akwai hanyar gaskiya da ta ha'inci. Ta ha'inci ita ce a tsoma injin ɗungum cikin murfin kwalba mai fetur, a kaɗa, a hura, a ɗiga mai, agogo ya tashi yana bugawa a gaban mai shi, bayan wata biyu ya sake tsayawa, yashin da ya saura ya gauraya da mai ya zama abin wasa wuƙa. Ta gaskiya ita ce a wanke kowane yanki shi kaɗai, a soka tsinken da aka fiƙe cikin kowane ramin yaƙutu a juya har tsinken ya fito fari, a kuma yi hattara da sifirit a wurin 'yan duwatsun da ke bakin cokali mai tsayar da giya, domin da wani irin ƙaro aka like su, sifirit kuwa yana narkar da shi. Mai kuma ba ɗaya ba ne: akwai mai ruwa-ruwa na wurare masu sauri, irin Moebius 9010 na Suwizalan, akwai mai kauri na wurare masu nauyi, kuma abin da ake sa wa kowane rami bai kai a gan shi ba sai da madubi. Yawan mai ya fi ƙarancinsa illa, don yakan malala ya bi siririn sifirin ya like zagayensa, agogo ya riƙa gudu kamar an kore shi.

In an rufe gada ta ƙarshe, aka sauke balas a mazauninsa ya kama kai da komowa da kansa, aiki bai ƙare ba tukuna. Sai an daidaita gudunsa da ɗan hannun da ke tsakanin alamar ƙari da ta ragi, an kwantar da shi rigingine yini guda, rub da ciki yini guda, a tsaye yini guda, ana gwada shi. Da can da rediyo ake gwadawa. Yanzu akwai na'urar da ke sauraron bugun ta faɗi kuskurensa nan take, har wayoyin hannu ma suna yin kusan haka. Tsohon agogon da ya sha ruwa, in ya tsaya a kan kuskuren rabin minti a yini, an gode Allah.

Saura fuska, wadda ita ce mas'alar da aka fi saɓani a kanta. Inji ana canja masa kaya ba wanda ya sani, ba wanda ya damu. Fuska kuwa ita ɗa ya sani a hannun mahaifinsa. Ruwa yakan shiga ƙarƙashin siririn man da aka shafe ta da shi ya bar taswira, kuma ba abin da ke fid da wannan. Mai ƙoƙarin gogewa da auduga da sifirit sai ya wayi gari ya share sunan kamfanin da lambobin duka. Iyakar abin da ake yi shi ne a ɗauke ƙura da busasshen burushi mai laushi, a tsare tsatsar da ke bayanta kada ta ci gaba. A agogunan da suka girmi tsakiyar shekarun 1960 akwai ƙarin hatsari, domin abin da ke sa lambobinsu haske da dare sau da yawa an haɗa shi da radiyam, wanda ya hallaka 'yan matan da ke shafa shi a masana'antun Amurka cikin shekarun 1920. Haskensa ya daɗe da mutuwa amma dafinsa yana nan, sai bayan shekara 1,600 rabinsa ke gushewa, kuma ruwa yakan mai da shi gari. Mai gyaran da ya saba hure ƙura da bakinsa, ko ya lashi tsinke, ya kamata ya san wannan.

Masu kaya da yawa sukan ce a sa musu sabuwar fuska, a kuma goge gidan ya yi ƙyalli. Haƙƙinsu ne, ba mai hana su. Amma ni ra'ayina a bar ta da tabonta matuƙar ana iya karanta lokaci a kanta, a canja gilashi da zobban roba kawai, gidan kuma a wanke shi kada a kai shi bakin injin gogewa, wanda ke cinye kusurwoyinsa, ya shafe rubutun da wani kamfani ya zana wa ma'aikacinsa a murfin baya. Sababbin fuskokin da ke yawo a kasuwa galibi na jabu ne, irin waɗanda ake fentawa a Indiya da launuka masu ɗaukar ido, kuma masana tsofaffin agoguna a ko'ina cikin duniya sun fi daraja fuska ta asali mai tabo a kan sabuwa ta ƙarya. In kuwa an canja, sa'an nan aka zo sayarwa, to, bayyana wannan wajibi ne, ɓoye shi algus ne, mai saye kuma yana da zaɓin mayarwa in ya gano aibin.

Fiƙihun Malikiyya bai bar mai gyaran kansa ba. Hukuncin da Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo a Risala shi ne masu sana'a suna lamunin abin da aka ba su suka keɓe da shi, ko da lada suka yi aikin ko kyauta, kuma malamai sun ce an yi haka ne don maslahar jama'a, sai fa in hujja ta tsayu cewa abin ya halaka ba da sakacinsu ba. Wannan ya sa mai hankali a cikinsu yake buɗe agogon da ya sha ruwa a gaban mai shi, ya nuna masa abin da ya riga ya mutu, kada gobe a ce shi ya kashe, ko a zarge shi da musanya inji. Wanda kuma ya tsinci agogo a cikin taɓo bayan ruwa ya janye, hukuncin tsintuwa ne a kansa, cigiya har shekara. Kogi bai mallaka masa ba. Kuɗin aikin kuwa, ba a ɓoye ba, sau da yawa ya fi abin da za a sayi agogon a kasuwa, kuma mai gyara nagari yakan faɗi haka ƙarara: Alhaji, in don lokaci ne, sayi na batir. Wanda ya ji wannan ya ce duk da haka a gyara, ya san abin da yake saye.

Sana'ar kanta tana ƙanƙancewa. Tun ranar 25 ga Disamba 1969, da kamfanin Seiko ɗin nan dai ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da ƙwayar ma'adinin da ke kaɗawa, aka fara haƙa wa agogon sifirin kabari. Casio F-91W ya zo a 1989 da arhar da ba a taɓa gani ba, wayar hannu kuma ta zo ta ɗauke wa mutane bukatar duban tsintsiyar hannu gaba ɗaya. Yawancin masu zama da akwatin gilashi a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ta Kakuri yau aikinsu sa batir ne da rage sarƙa, yaran da da can za su zauna gaban maigida su koyi riƙon hantsaki kuwa sun koma gyaran waya, inda ciniki yake. Wanda zai iya wargaza inji ya mai da shi sai an yi tambaya, a ce maka je wurin wane, in yana nan da rai, in kuma idonsa bai yi rauni ba. Kamfanin Seiko ya daina ƙera 6309 tun ƙarshen shekarun 1980, saboda haka duk ɗaya da aka tayar a Nasarawa, wani ɗan'uwansa aka fasa aka ciri balas ɗinsa da sandar waninsa, kuma gwangwanayen da ake cirowa daga cikinsu ba a ƙara musu komai.